Iyakar Jibiya: Yadda Za A Sa Hanyar Doka Ta Fi Ɓarauniyar Hanya Sauƙi

Daga Agustan 2019 zuwa Maris na 2024 wata 55 ne. A cikinsu, iyakar Jibiya da ta haɗa Jihar Katsina da Jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar ta yi kusan wata 40 a garƙame. Da farko gwamnatin Muhammadu Buhari ce ta rufe iyakokin kan tudu gaba ɗaya a ranar 20 ga Agustan 2019, da niyyar daƙile fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai da kuma fitar da man fetur. Da aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfun a Disambar 2020, ba a sa Jibiya a ciki ba. Sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta tare da Idiroko da Kamba da Ikom. Jama'a ba su gama farfaɗowa ba sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum a Yamai ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka sake datse ƙofa har zuwa Maris na 2024.

A duk waɗannan lokuta, a Abuja ko a Yamai aka yanke hukunci. Ɗan dako a mashigar Magama, da mai sayar da abinci a tasha, da direban da ke jigila zuwa Ɗan Isa ta Nijar, a rediyo suka ji labarin abin da zai hana su cin abinci. Wannan rahoto ya duba abin da masana suka gano game da wannan iyaka da ire-irenta, da dabarun da aka gwada a wasu wurare, da abin da za a iya yi domin aikin hukuma a Jibiya ya zama mai tsari, mai adalci, mai amfani ga talaka da gwamnati baki ɗaya.

Ƙasa ɗaya, tuta biyu

Wanda bai san tarihin wurin ba zai yi ta mamakin yadda rufe iyaka ke kasa hana zirga-zirga. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sarakunan Haɓe na Katsina sun yi arewa, suka kafa Maraɗi a wajajen 1819, kuma har gobe sarkin garin Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa. Layin da ya raba mutanen nan Turawa ne suka zana shi a yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1890 da 1898 da 1904 da 1906. Daga nan tawagar Tilho ta Faransa da ta O'Shee ta Ingila suka bi daji tsakanin 1906 da 1908 suna kafa alamomi 148 daga Kogin Kwara zuwa Tafkin Chadi. Alamomin sun ratsa gonaki da makiyaya da zuriya, amma aure da zumunci da cin kasuwa sun ci gaba kamar yadda aka gada.

Ruwa ma bai san da layin ba. Kogin da aka datse aka yi madatsar ruwa ta Jibiya shi ne yake gangarawa Madarumfa ya zama Gulbin Maraɗi, ya kewayo ya sake shigowa Najeriya. Saboda haka ne ƙasashen biyu suka sa hannu kan yarjejeniyar rabon ruwa a Maiduguri a 1990. A ambaliyar Yulin 2018 da ta kashe mutum fiye da 40 a Jibiya, har a cikin Nijar aka tsinto gawarwakin wasu.

Ta wannan hanya dabbobi da wake da aya da dabino suke gangarowa kudu zuwa Katsina da kasuwar Dawanau ta Kano, gero da masara da dawa da kayan masana'antu kuma suna haurawa arewa. Masanin nan Bafaranshe, Emmanuel Grégoire, ya nuna a littafinsa na 1986 kan Alhazan Maraɗi cewa arzikin manyan attajiran garin ya samo tushe daga cinikin gyaɗa, sannan ya bunƙasa da fatauci tsakaninsu da Najeriya. William Miles na Amurka kuma ya zauna a ƙauyukan 'Yardaji da Yekuwa, ɗaya a ƙasar Daura ɗaya a Nijar, ya wallafa bincikensa a 1994. Ya tarar mulkin Ingilishi da na Faransa sun bar bambanci a sarauta da makaranta da shari'a, amma harshe da addini da dangantaka suna nan daram.

Abin da rufewa ta haifar

Ba za a ce gwamnati ba ta da hujja ba. A lokacin, shinkafar waje tana sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta ratsa Nijar, ta faɗo Najeriya ba tare da an biya kuɗin fito ba, manomin gida kuma ya rasa kasuwa. Man fetur da ake sayarwa da rangwame a wancan lokaci yana tsallakawa a jarkoki. Bindigogi da ƙwayoyi suna shigowa. Waɗannan duka gaskiya ne. Abin tambaya shi ne ko maganin da aka ba da ya dace da cutar.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci tana kan kashi 13.17 cikin ɗari a Agustan 2019, ta kai kashi 19.56 a Disambar 2020. Annobar korona da matsalar tsaro da faɗuwar naira suna da hannu a ciki, amma rufe iyaka na daga cikin dalilan da masana tattalin arziki suka yi ta ambata. A Nuwambar 2019 aka ƙara da hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Garin Jibiya yana cikin wannan da'ira. Asibiti da injin niƙa da mai ban-ruwa da ɗan acaɓa duk suka koma hannun 'yan bumburutu, suna sayen mai da tsada a ƙasar da take haƙo shi.

Shinkafar waje kuwa ba ta ɓace daga kasuwa ba. Hanya kawai ta sauya. Kayan da a da suke bi ta gaban kwastan a Magama a rubuta su, sai suka koma bayan babura da ƙananan motoci ta cikin daji da tsakar dare. Gwamnati ta rasa kuɗin shiga, ta kuma rasa sanin abin da ke shigowa. Matashin da ya rasa aikin dako ya zama ɗan fito. Kuɗin da ake miƙawa a shinge ya ƙaru, domin duk abin da aka haramta, farashin kau da kai daga gare shi tashi yake yi.

Akwai kuma asarar rayuka. A watan Agustan 2021 wata motar sintirin iyaka ta kwastan ta afka wa jama'a a garin Jibiya, mutane da dama suka rasu. Hukumar ta ce birki ne ya ƙwace, gwamna na lokacin, Aminu Bello Masari, ya fito ya yi tir da yawan mutuwar jama'a sakamakon tuƙin jami'an, har ya yi barazanar kai ƙara. Irin wannan lamari yana barin tabo a zuciyar gari, kuma garin da ke jin haushin jami'i ba zai tsegunta masa inda aka ɓoye makami ba.

Abin da masu bincike suka gano

Binciken da aka yi a kan wannan yanki ya tsaya kan abubuwa uku.

Na farko, kasuwannin ɓangarorin biyu a haɗe suke. Jenny Aker da abokan aikinta sun bi farashin gero da wake a kasuwannin Nijar da arewacin Najeriya na tsawon shekaru, suka wallafa sakamakon a 2014. Sun tarar iyaka tana ƙara tazarar farashi tsakanin kasuwa da kasuwa, amma tazarar tana raguwa sosai inda masu ciniki a ɓangarorin biyu ƙabila ɗaya ne. Dalili shi ne amana: ana ba da kaya bashi, ana sanin gidan juna, ana warware saɓani ta hannun dattawa. Ma'ana, akwai tsarin ciniki mai ƙarfi da yake aiki tun kafin hukuma ta zo, kuma hukumar da ta yi aiki da shi za ta fi wadda ta yaƙe shi cin nasara.

Na biyu, abincin yankin ya dogara da wannan hanya. Yunwar 2005 ta fi tsanani a Jihar Maraɗi, duk da cewa yanki ne na noma. Bayanta, a 2006, hukumar CILSS mai yaƙi da fari a Sahel da wasu ƙungiyoyin duniya suka aiko tawaga ta binciki zirin Kano zuwa Katsina zuwa Maraɗi. Darasin da aka fitar shi ne farashin hatsi a arewacin Najeriya da yadda ake buɗewa ko toshe hanya suna da tasiri kai tsaye a kan tukunyar talakan Nijar. Duk da haka ɗabi'ar toshewa ba ta gushe ba. A farkon 2024 kwastan na Najeriya sun riƙa tare motocin hatsi masu fita, a Oktoban shekarar kuma Nijar ta hana fitar da hatsinta.

Na uku, yawancin masu kauce wa hanyar doka wahalarta ce take korarsu. Rahoton da Leena Koni Hoffmann da Paul Melly suka rubuta wa cibiyar Chatham House ta Landan a 2015 ya duba cinikin da ba a rubutawa tsakanin Najeriya da maƙwabtanta, har da wannan ziri na Kano da Katsina da Maraɗi. Ya ɗora alhakin a kan yawan takardu, da tsadar kuɗin fito, da jerin kayan da aka haramta, da wahalar samun kuɗin waje ta banki, da shingayen kan hanya. Shawarar rahoton ita ce a sauƙaƙa hanyar doka har ɗan kasuwa ya ga ta fi masa riba.

A nan maganar take. Ɗan kasuwa lissafi yake yi. Idan bin Magama zai ci masa kwana biyu da kuɗin da bai san adadinsa ba sai ya isa, bin daji kuma zai ci masa dare ɗaya da kuɗin da aka riga aka yi ciniki, daji zai bi. Ranar da lissafin ya juya, da ƙafarsa zai zo ofis.

A fara da ƙirga shingaye

Tsakanin birnin Katsina da Jibiya tafiyar ba ta kai kilomita 50 ba, amma shekara da shekaru direbobi da 'yan kasuwa da 'yan majalisar yankin suna kuka da yawan shingayen da ke kanta: na kwastan, na 'yan sanda, na shige da fice, na soja, na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, da sauransu. A kowane shinge ana tsayawa, a da yawa kuma ana miƙa na goro. Kuɗin nan a kan mudun gero yake ƙarewa, mai saye ne yake biya.

Matsalar ba ta Jibiya kaɗai ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da laifuka ya ƙiyasta cewa a 2023 'yan Najeriya sun ba jami'an gwamnati cin hanci na tsabar kuɗi da ya kai naira biliyan 721, kuma waɗanda suka kai ƙara ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Akwai dabarar da aka gwada a Afirka ta Yamma. Tun daga 2006 ƙungiyar ƙasashe masu amfani da sefa, UEMOA, ta riƙa raba wa direbobin manyan motoci masu cikakkun takardu wata takarda, suna rubuta kowane shinge da suka tarar, da hukumar da ke wurin, da kuɗin da aka karɓa, da mintocin da aka ɓata. Duk wata uku ana buga sakamakon a taswira, kowace ƙasa ta ga matsayinta a kan hanyoyi irin su Tema zuwa Wagadugu da Lome zuwa Wagadugu. Kunyar ganin suna a jerin ta sa wasu gwamnatoci cire shingaye, ko da yake sukan dawo idan aka daina sa ido.

Wannan aiki bai fi ƙarfin Katsina ba. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi za su iya haɗa kai da ƙungiyar direbobi da ta 'yan kasuwa, su riƙa fitar da ƙididdigar shingayen hanyar Katsina zuwa Maraɗi duk wata, a karanta ta a gidajen rediyo da Hausa. Daga nan sai a nemi gwamnatin tarayya ta haɗe hukumomin a shinge biyu ko uku sanannu, kowane jami'i da sunansa da lambarsa a ƙirji. Duk shingen da ba ya cikin jerin da aka sanar, kowa ya san na bogi ne.

A buɗe wa ƙaramin ɗan kasuwa ƙofa

Dokokin kwastan an tsara su ne da babban ɗan kasuwa a zuciya, mai kwantena da wakili da asusun banki. Mafi yawan masu tsallaka iyakar Jibiya kuwa masu buhu biyar ne ko goma, ko akuya uku, ko ƙullin atamfa. Irin waɗannan ba su da hanyar cika sharuɗɗan, don haka doka ta mayar da su masu laifi tun kafin su bar gida.

Ƙasashen gabashi da kudancin Afirka sun magance wannan da tsarin ciniki mai sauƙi. A ƙungiyar COMESA, Zambiya da Malawi sun fara aiki da shi a 2010. Ƙasashe biyu su amince da jerin kayan gida da za su wuce ba kuɗin fito, a ƙayyade ƙimar kayan, wadda aka ɗaga har ta kai dala 2,000, ɗan kasuwa ya cika takarda guda a nan bakin iyaka. An kuma ajiye jami'in bayani a kowace mashiga domin ya taimaka wa wanda bai iya rubutu ba. A mashigar Mwami da Mchinji ta ƙasashen biyu, Bankin Duniya ya taimaka aka liƙa wata takardar alƙawari da ta fayyace haƙƙin ɗan kasuwa da na jami'i: ba zagi, ba karɓar kuɗi ba rasit, mace ce za ta caje mace.

A ƙa'ida, tsarin ECOWAS na sassauta ciniki ya yafe kuɗin fito a kan amfanin gona da dabbobi da kayan sana'ar hannu tun 1979. Amma da yawa daga masu hatsi ba su taɓa jin haka ba, kuma rashin sanin nan shi ne jarin mai karɓar na goro. Babban allo a Magama, da Hausar boko da ajami, mai ɗauke da jerin kayan da aka yafe, da waɗanda aka haramta, da kuɗin kowane abu, zai rage gardama fiye da taron bita goma. A haɗa da biyan kuɗi ta waya ko ta banki, rasit ya fito nan take, hannun jami'i ya daina taɓa tsabar kuɗi.

Ga manyan motoci kuma, akwai tsarin mashiga guda, inda jami'an ƙasashe biyu suke zama wuri ɗaya a duba kaya sau ɗaya. An fara shi a Chirundu tsakanin Zambiya da Zimbabuwe a Disambar 2009, jiran motoci ya ragu ƙwarai. Najeriya da Binin sun buɗe irinsa a Seme da Krake a Oktoban 2018, amma ba a yi shekara ba aka rufe iyakar. Wannan ya nuna gini shi kaɗai ba ya wadatarwa idan manufa ba ta tsaya wuri ɗaya ba.

Ina talaka zai kai kuka?

Nan ne gyara ya fi wuya, nan ne kuma ya fi muhimmanci. A tsarin mulkin Najeriya, shari'ar da ta shafi kwastan hurumin Babbar Kotun Tarayya ce. Mutumin da aka ƙwace wa buhu goma a hanyar Jibiya, idan yana ganin an zalunce shi, sai ya tafi Katsina, ya ɗauki lauya, ya yi ta zarya wata da watanni. Kuɗin shari'ar ya ninka kuɗin kayan. Saboda haka yakan zaɓi ɗayan biyu: ya yi ciniki a bakin shinge, ko ya bar wa Allah. Haƙƙin da ba a iya nemansa, da shi da babu duk ɗaya.

Hukumomin da za su cike wannan giɓi suna nan a takarda. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a tun 1975, da Hukumar Ba da Agajin Lauya tun 1976, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam tun 1995. Abin da ya rage shi ne su matso kusa. Tebur guda a sakatariyar ƙaramar hukumar Jibiya, da jami'in da zai zauna ranar kasuwa, da lambar waya da ake amsawa da Hausa, sun isa a fara. Kowane koke a ba shi lamba, a sa wa'adin amsa, duk wata uku a sanar da adadin koken da aka karɓa da wanda aka warware.

Sai batun kamu. Duk kayan da aka ƙwace a ba mai shi takarda nan take, da sunan jami'i da adadin kaya da dokar da aka karya. Ƙananan kaya a ba su hanyar ɗaukaka ƙara ta cikin gida mai gajeren wa'adi, a gaban kwamitin da ke da wakilin 'yan kasuwa da lauya mai zaman kansa, kafin hatsi ya ruɓe ko dabba ta rame. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta wajabta wa alƙalai ziyartar wuraren tsare mutane domin duba halin waɗanda ke ciki. A tabbatar ana yin haka a garuruwan iyaka, inda baƙon da ba shi da kowa zai iya daɗewa a tsare ba wanda ya sani. A kuma haramta bin mota da gudu a cikin gari. Buhun shinkafa, komai yawansa, bai kai ran mutum ɗaya ba.

Adalci ya haɗa da jami'in ma. Da yawansu suna kwana a daji ba masauki, ba ruwa, ba kayan aiki, ga 'yan bindiga sun kashe wasu sun sace wasu a wannan yanki. Wanda aka tura irin wannan wuri ya cancanci alawus a kan lokaci, da inshora, da canjin wurin aiki bisa ƙa'ida. Idan an ba shi haƙƙinsa, hukunta shi kan cin hanci ba zai zama zalunci ba.

Tsaro da ayyukan raya ƙasa

Ba a maganar Jibiya a tsallake 'yan bindiga. Tun daga 2019 dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsere zuwa Jihar Maraɗi. A 2021 gwamnatin Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 har da Jibiya. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta jihar. Ɗan bindiga ya fi kowa cin moriyar ɓarauniyar hanya. Idan mai gero da mai akuya suka koma bin ƙofa, wanda ya rage a daji da dare an san ko wane ne, jami'an tsaro kuma sun san inda za su sa ƙarfinsu.

Haɗin kai a matakin jiha ya taɓa faruwa. A Satumbar 2019 gwamnonin Katsina da Sakkwato da Zamfara sun je Maraɗi sun zauna da gwamnan jihar kan tsaron iyaka. Irin wannan zama bai kamata ya jira sai an shiga masifa ba. Ana buƙatar kwamiti na dindindin tsakanin Jibiya da Ɗan Isa, mai ɗauke da shugabannin ƙananan hukumomi, da hakimai, da kwastan na ƙasashen biyu, da shugabannin kasuwa da na makiyaya, da wakilan mata, su riƙa zama duk wata.

Siyasa ta ƙara wa wannan buƙata nauyi. Ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata a ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce a ci gaba da barin mutane da kaya suna wucewa kamar da, har zuwa wani lokaci. Rayuwar miliyoyin mutane ba za ta dogara da sanarwar wucin gadi ba. Akwai Hukumar Haɗin Gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971, mai hedikwata a Yamai, kuma ministocin harkokin wajen ƙasashen biyu sun yi maganar farfaɗo da ita a ganawarsu ta Afrilun 2025. A ƙarƙashinta za a iya ƙulla yarjejeniyar da za ta ce: ko an samu saɓani, abinci da magani da marasa lafiya da masu zuwa jana'iza za su wuce, kuma ba za a rufe iyaka ba sai da sanarwa da wa'adi.

Sannan garin da ake tara kuɗin fito a ƙofarsa ya kamata ya gani a ƙasa. An kafa Hukumar Raya Garuruwan Kan Iyaka da dokar 2003 domin samar da ruwa da makarantu da asibitoci a irin waɗannan wurare. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar tambayar abin da aka ware wa Jibiya da abin da aka kashe. Ƙungiyoyin matasan garin su yi amfani da ita. Madatsar ruwan Jibiya kuma, idan aka gyara magudananta aka samu tsaro a gonaki, noman rani zai ɗauke matasa da dama daga fito.

Kafin jirgi ya iso

A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ba kamfanin Mota-Engil a kan kusan dala biliyan biyu. Layin zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. An kuma buɗe tashar kaya ta kan tudu ta Dala a Kano a 2023, da ta Funtuwa a 2024. Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka a birnin Yamai a Yulin 2019. Dukiya mai yawa ake zubawa domin kaya su riƙa bi ta Jibiya. Idan jirgi ya iso ya tarar da tsohon tsari na takardu barkatai da na goro da rufewa ba sanarwa, ribar wannan dukiya ba za ta fito ba.

Mafi yawan gyare-gyaren da aka lissafa a nan ba sa buƙatar biliyoyi. Allon farashi, da rasit, da takardar kamu, da teburin koke, da ƙididdigar shingaye, da zaman kwamiti duk wata, abubuwa ne da za a iya farawa cikin shekara guda idan akwai niyya. Kira ga shugaban hukumar kwastan, Bashir Adewale Adeniyi, da gwamnatin Jihar Katsina, da mahukuntan Maraɗi, da 'yan majalisar da ke wakiltar yankin: a mayar da Jibiya wurin gwajin wannan tsari, a auna sakamakon, a sanar da jama'a. Ku kuma 'yan kasuwa da direbobi da matasan Jibiya, ku nemi rasit, ku rubuta abin da aka karɓa, ku kai koke a ƙungiyance, domin hukuma ba ta gyara abin da ba a nuna mata da hujja ba. Allah Ya zaunar da iyakokinmu lafiya, Ya ba shugabanni ikon yin adalci.